Ga Mai Zuwa Karatun Littattafan Yahudawa a Birnin Kudus

Ɗan'uwa, ko ka zo ne daga sashen nazarin addinai na wata jami'a a gida, ko daga makarantar horar da fastoci, abin da za ka fara koya a Kudus jiniya ce. Ibrananci ya biyo baya.

Jiniyar iri biyu ce. Wadda ke tashi tana sauka ita ce ta hari, kuma a Kudus minti ɗaya da rabi kake da shi ka shiga mafaka. Wadda ke tafiya da murya ɗaya ranar Juma'a gab da faɗuwar rana kuwa, shigowar Asabar, ranar hutun Yahudawa, take sanarwa. Juma'ata ta farko na kwasa a guje ba takalmi, na tarar da maƙwabcina a bakin ƙofa yana ta dariya. Ranar da ka karɓi makulli, ka tambayi inda "mamad" yake, wato ɗaki mai kauri a cikin gida, ko "miklat", mafakar ginin gaba ɗaya. Ka sauke manhajar Pikud HaOref, wato rundunar Isra'ila mai gargaɗin farar hula kan hari, a wayarka. In ka shiga mafaka, kada ka fito sai bayan minti 10, in kuma makamai masu linzami ne daga nesa, sai an ce a fito. Fasfo, ruwa da caja su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa. A watan Yunin 2025, lokacin yaƙin kwana 12 da Iran, an rufe filin jirgin Ben Guriyon, masu son fita suka bi ta Jodan da Masar. Ka ajiye kuɗin irin wannan hanyar.

Sati a nan Lahadi yake farawa. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar motocin bas na yammacin birni ba sa aiki, sai na Larabawa da ke tashi daga wajen Babul Amud, ɗaya daga ƙofofin tsohon birni. Ka yi cefane da wuri.

To, karatun kansa. In ka zauna gaban malam a zaure a gida, ka riga ka san rabin abin. Shafin Talmud, babban kundin fiƙihun Yahudawa, matani ne a tsakiya, sharhin malaminsu Rashi a gefe ɗaya, na Tosafot, wato malaman da suka biyo bayansa, a ɗaya gefen, kamar dai matani da hashiya a littattafanmu na fiƙihu. Matanin kashi biyu ne. Mishna, wato hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da Ibrananci take. Gemara da ke tattauna ta galibi da Aramiyanci, kuma nan ne gumi yake. Talmud na Babila warƙa 2,711 ne, masu karanta warƙa ɗaya kullum sai sun shekara bakwai da rabi, don haka kada ka yi tunanin sauke shi a zango ɗaya. Larabcinka jari ne da Turawan ajinku ba su da shi: "bayit" da baiti, "katab" da kataba, "rosh" da ra'asu. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta Dalalatul Ha'irin, haruffan ne kawai na Ibrananci. Da ka gane haruffan sai ka ga kana gaba da Turawan.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne "hebruta", karatun mutum biyu. Mu mun saba malam ya ja baƙi, ɗalibi ya ce na'am. A nan abokinka zai katse ka, ya ɗaga murya, ya ce fahimtarka ba ta tsaya ba. Ba raini ba ne. In ka yi shiru don kunya, zai ɗauka ba ka yi bita ba.

Ta wannan abokin ne yaƙi ke shigowa aji. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da ɓarkewar yaƙin Gaza, jami'o'i ba su buɗe ba sai ƙarshen Disamba, saboda an kira ɗalibai da yawa aikin soja. A Jami'ar Ibrananci da ke kan Dutsen Skofus, na damanka zai iya kasancewa wanda ya dawo daga fagen daga, na hagunka Bafalasɗiniya mai dangi a Gaza. Dukansu za su so jin ɓangaren da kake. Ni ra'ayina ina da shi, kai ma da naka, amma baƙo da bizar karatu ba ya buɗe baki ko'ina. Ka yi ta'aziyya ga duk wanda ya yi rashi. Ka kula da abin da kake sawa a Facebook, domin ana karantawa a nan, ana kuma karantawa a gida, inda wani kawu ke jiran ya ji me ya kai ka wajen Yahudawa.

In kewar gida ta dame ka, ka shiga tsohon birni, ka nufi Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Masallacin Ƙudus. Nan unguwar 'yan Afirka take, jikokin mahajjatan da suka taso daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal suka zauna. Larabci suke yi yanzu. Ka riƙe fasfonka a hannu, 'yan sandan bakin ƙofa kan sa baƙo ya karanta Fatiha kafin su bar shi ya wuce, ranar da gari ya yi zafi kuma su hana matasa shiga gaba ɗaya.