Yadda Ake Tattalin Ruwa da Taki a Gonar da Ake Sauya Shuka

Ruwan da ya wuce ƙima ba shi kaɗai yake salwanta ba, domin yana wanke takin da aka zuba ya kai shi can ƙasa inda saiwa ba ta isa. Saboda haka a tsara ban ruwa da zuba taki tare, gwargwadon buƙatar kowace shuka.

Da farko a tsara jerin shukar, wato masara ko alkama su biyo bayan wake, gyaɗa ko waken soya. Dangin wake suna da 'yan ƙulalai a saiwarsu masu ƙwayoyin halitta da ke jawo naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, daga iska, don haka takin supa, mai sinadarin fosfaras, suka fi buƙata a kan na naitirojin, kuma idan aka bar ganye da saiwarsu suka ruɓe a gona, hatsin da zai biyo baya yana amfana.

Sai a baje ƙasa sosai kafin a yi kunya, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya, wanda ke ƙara mata ƙarfin riƙe laima. Mai hali ya shimfiɗa bututun ɗigo mai ɗiga ruwa a gindin shuka, wanda idan an kula da shi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa yake isa ga saiwa. Wanda ba shi da hali ya riƙa sakin ruwa a kwari ɗaya yana tsallake ɗaya, sannan ya sauya a zagaye na gaba. A ganina wannan dabara ta cancanci yaɗuwa fiye da yadda take, tunda ba ta cin ko kwabo.

Kafin a ba da ruwa, a tono ƙasa kimanin taƙi ɗaya a dunƙula ta a hannu. Idan ta dunƙule ba ta wargaje ba, a dakata. Amma kada a bar masara da ƙishi lokacin da take fitar da kai da goyo, ko alkama wajen kwana 21 bayan shuka da kuma lokacin fure, domin asarar waɗannan ranaku ba ta ramuwa.

Takin yuriya kuwa, mai ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, a raba shi zubi biyu ko uku, a binne shi a gefen shuka cikin ƙasa mai laima, sannan a bi shi da ruwa kaɗan, domin idan aka bar shi a sarari cikin zafi wani kasonsa yana bin iska. Daga nan a rufe tsakanin layuka da kara ko tattaka don rage bushewar ƙasa.