Yadda zaka kare gidanka da kajinka da salwa daga gobarar daji lokacin hunturu

Duk wanda gidansa yake bakin gari ko a ƙauyen da gonaki suka zagaye ya san da an gama girbi iskar hunturu ta fara kaɗawa, wato daga wajen Nuwamba har cikin Maris, hankali baya kwanciya. Ciyawa ta bushe ƙayau, kara na zube a gona, an ɗora harawa kan rufi da kan bishiya, sai kawai yara masu farautar gafiya su cinna wuta a bakin rami suyi tafiyarsu, ko mai ɗiban zuma, ko wani ya yar da guntun taba, shikenan an shiga uku. Ni abinda yasa nake wannan rubutun, shekarun baya na jingina akurkina da kejin salwa a jikin dangar kara saboda inuwa, ranar da wuta ta taso daga gonar dake bayanmu kafin mu gama ihun neman taimako ta iso dangar, mutane sun tsira alhamdulillahi ɗakuna ma basu taɓu ba, amma salwar nan ko guda ɗaya bata fita ba. Har yau idan na tuna abin yana min ciwo, dan da hannuna na ajiye su a wajen.

Toh fara da duba inda iska take zuwar maka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, dan haka wannan ɓangaren na gidanka shine ƙofar da wuta zata fi shigowa, can zaka fi bada ƙarfi. Ɗauki fartanya da manjagara ka share duk kewayen gidan har sai ƙasa ta fito tas, ba yanke ciyawa kawai ba, a kankare ta a kwashe. Ni shawarata kada faɗin ya gaza taku 10 daga jikin danga, idan kuma gamba ce a wajen irin wadda ta fi mutum tsawo toh ka ƙara sosai, dan idan gamba ta kama harshen wutar kwantowa yake da iska ya tsallake ɗan siririn fili kamar babu shi. Idan gidanka a kan tudu yake ka ƙara faɗin ta gangaren, wuta tafi gudu idan tana hawa sama. 'Yan uwanmu na Nijar sun daɗe da wannan dabarar, a yankunan makiyaya na jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram duk shekara ana share dogayen layuka masu faɗi a cikin daji dan wuta ta iso ta rasa abin ci ta mutu, abinda zakayi a gida ƙaramin wannan ne.

Wasu suna ƙona kewayen da kansu tun da wuri, kuma yana aiki, amma dan Allah kada kayi shi kai kaɗai. Ka faɗawa mai unguwa da maƙwabta ayi gayya, ayi shi tun ciyawa bata gama bushewa ba, da yamma liƙis ko da sassafe lokacin da iska ta kwanta akwai raɓa, a fara share layi sannan a kunna daga bakin layin yadda wutar zata riƙa tafiya tana fuskantar iska a hankali, ba iska na kora ta ba. Kowa da ɗanyen reshen darbejiya a hannu, kuma ba'a tashi sai an tabbatar ta mutu murus. Busasshen kashin shanu da kututture sune munafukan, sai kaga kamar sun mutu alhali suna ci ta ciki har washegari.

Abinda mutane da yawa basu lura dashi ba, ba lallai sai wutar ta iso da ƙafarta ba, tartsatsi da guntun ciyawa mai ci iska ke ɗaukowa ta jefa kan jinka ko cikin tarin kara. Saboda haka kara da harawa da itacen girki da buntu duk a raba su da ɗakin kwana da rumbu da akurki, a tara su can gefe ta yamma ko kudu inda ko sun kama iska zata kai wutar waje ba cikin gida ba. Nasan ana ɗora harawa a rufi ne saboda awaki, amma gara ka kafa mata rumfa ta daban. Jarkar fetur ta janareta ko ta mashin ma haka.

Yanzu maganar akurkin kansa. Idan da hali ka gina shi da ƙasa ko bulo ka rufa da kwano ko da tsoho ne, ka bar tazara tsakaninsa da danga da kuma ɗakin kwana, tagoginsa a sa musu waya mai ƙananan ido, tana hana ɓera da maciji tana kuma rage shigar tartsatsi. Idan jinka ce kawai kake da ita ba laifi, amma ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar sharar fili. Kuma a nan kajin zasu taimake ka, kajin gida idan suna yawo a kewayen nan suna tono suna tsince 'ya'yan ciyawa da gara, filin baya saurin komawa daji, ni da gangan nake watsa musu dusa da tsaki a kan layin da na share.

Salwa kuma halinta daban ne da kaza, dole ka san wannan tun kafin ranar tashin hankali. Ita a keji take rayuwa, idan ta firgita sama take zabura ta buga kai da rufin kejin, wasu a nan suke mutuwa tun wuta bata zo ba, idan kuma ka buɗe mata ƙofa ta tashi toh ta tafi kenan bata san hanyar gida ba. Dan haka kejinta kada ya zama gingimeme wanda aka kafe a ƙasa, kayi ƙanana guda biyu ko uku masu mariƙi a gefe wanda mutum biyu, ko mata ne ko samari, zasu ɗauka su fita dashi, rufin yayi ƙasa-ƙasa yadda bazata samu filin zabura da ƙarfi ba, ko ka ɗaura raga mai laushi ta ciki. Idan za'a ɗauka a lulluɓa zani a kai, duhu yana kwantar musu da hankali. Kaji kuma da rana buɗe musu kawai zasu nemi hanya, amma da dare kaza bata gani, ko ka wangale ƙofa tana nan zaune a inda take, sai dai ka kama su ɗaya bayan ɗaya ka zuba a kwando. Ka rataye kwandon da tocila a bakin akurkin, ba sai ana ihu ka fara nema ba.

Sai wutar da muke kaiwa akurki da hannunmu, wadda a ganina ta fi ta daji cin kaji. Lokacin sanyi ne ake ɗumama 'yan tsaki, su kuma 'yan salwa da suke ƙyanƙyashewa a kwana 17 zuwa 18, ba kamar kaza mai kwana 21 ba, ƙanana ne sosai sanyi kaɗan ke kashe su, satin farko suna son zafi wajen digiri 35 sannan a riƙa ragewa duk sati. Sai mutum ya cika kasko da garwashi ya dire shi a kan buntun shinkafa ko garin katako ya rufe ko'ina da leda ya tafi ya kwanta. Wannan ganganci ne. Ka zuba yashi a faranti ko ka jera bulo ka ɗora tukunyar gawayin a kai, ka zagaye ta da waya yadda tsako bazai faɗa ba buntu ma bazai taɓa ta ba, gawayin ya gama kamawa a waje hayaƙin ya wuce kafin ka shigo dashi, kuma ka bar kafar iska ta sama, dan gawayi a rufaffen waje yana fitar da iska mai guba wadda bata da wari, tana kashe tsaki tana kashe mutum, shi yasa ko kusa kada a kai buroda, wato wannan abin ɗumama tsakin, ɗakin da ake kwana. Idan fitilar kananzir ce rataye ta zakayi da waya ba igiya ba. Idan ƙwan lantarki ne na sola ko na NEPA, duba wayar duk sati saboda ɓera. Su tsakin da kansu zasu gaya maka, idan sun cure jikin wuta sanyi suke ji, idan sun watse sun manne da bango suna haki zafi yayi yawa.

Iyayenmu mata kuma, tokar da ake zubawa kaji suyi birgima saboda ƙwarƙwata abu ne mai kyau, amma a bari ta kwana biyu a cikin kwano tayi sanyi, tokar murhu tana ɓoye garwashi har wayewar gari.

A tsakar gida ka tanadi durom cike da ruwa mai murfi saboda yara, bokiti biyu na yashi, shebur, da buhun algarara da za'a jiƙa a bugi wuta dashi, banda buhun leda, shi narkewa yake ya manne a hannu. Wutar fetur ko kananzir yashi ake zuba mata ba ruwa ba. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a Nijar 'yan kwana-kwana 18, ka kira, amma a ƙauye kafin mota ta iso maƙwabta ne zasu fara kawo ɗauki, dan haka ku shirya tun yanzu waye zai kwashi yara da tsofaffi, ina za'a taru, waye zai kwance awaki. Mutane ne farko, idan rufi ya riga ya kama kada kowa ya koma saboda kaza.

Bayan an kashe wuta ka kai tsuntsayen inda babu hayaƙi, dan numfashinsu baya jure shi kamar namu, ka basu ruwa mai tsabta, na 'yan salwa a zuba tsakuwa a ciki kada su nutse. Zakaga ƙwai ya ragu na wasu kwanaki saboda firgita, zai dawo. Kuma ka tsare kajin a ciki kwana biyu, kada su fita tono a inda ya ƙone, ƙasan tokar da zafi tana ƙona musu ƙafa.