In mai ya ƙare maka a sama kana feshi

Ƴan uwa matasa masu shiga aikin jirgin feshi, da ku da ke ƙasa kuna zuba mai da magani, don Allah ku karanta wannan da natsuwa. Mu nan Tahoua tun farin ɗango na 2004 mun san darajar jirgin nan, har jan-baki in sun sauka kan gero shi ake kira, amma shi ba kamar jirgin fasinja ba ne, ƙasa-ƙasa yake tafiya dab da kan gawo, in inji ya mutu ba ka da minti ko guda na tunani.

Abin farko, kar ka yarda da allurar mai ita kaɗai wallahi. Kafin kowane tashi ka hau fiffike da kanka, ka buɗe tanki, ka tsoma sandan awo ka ga inda ya jiƙe. Sannan ka tatsi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba ka ɗaga a haske, man jirgi da ake kira 100LL shuɗi ne, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta ƙasa. Man tano da ya kwana a fili sai an tace shi, ƙura da ruwa ba sa neman izini.

Sai agogo. Ka san lita nawa injinka ke sha a awa, ka rubuta lokacin tashi da lokacin da dole ka juyo, ka manna gabanka, ka bar na minti 30 aƙalla wanda ba ka taɓawa. Inda mutane ke faɗawa shi ne an cika magani sau uku sau huɗu ana gaggawa kafin iska ta tashi, kowa na zaton wani ya zuba mai, sai kuma "saura gona ɗaya in gama". Wannan gona ɗayan ka bar ta, gobe ma rana ce.

To in ya faru, inji ya fara tari ya yi shiru, ka sunkuyar da hanci nan take don kar gudu ya mutu, ka ja hannun zubar da magani jirgi ya yi sauƙi, in da hali ba kan rijiya ko tabki ba. Kar ka ce za ka juya filin da ka tashi, juyi a ƙasa-ƙasa shi ke kashe matuƙa. Ka zaɓi abin da ke gabanka, faƙo ya fi rairayi don taya na nutsewa jirgi ya kife, in gona ce ka bi tsawon kunya kar ka gitta ta, ka lura da kori da wayar lantarki. Ka ƙara ɗaure bel, ka rufe mai, ka kashe wuta kafin taya ta taɓa ƙasa.

Da ya tsaya ka fita ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Mutanen gari za su rugo da yara, ka ce dattawa su ja kowa baya, ba sigari, kar a taɓa maganin da ya zube, a kore dabbobi daga wurin.