Yadda Za Ka Tare Bilharsiya Kafin Ta Ɗaure Maka Hanta

Na yi shekaru ina awon bayan gida a wani ƙaramin asibiti kusa da Wad Madani, a yankin noman Jazira na ƙasar Sudan, kuma har yau idan na ce wa manomi ba tsutsar bilharsiya, wato tsargiyar hanji, ce ke cin hantarsa ba, sai ya yi mini kallon mahaukaci. To ga yadda abin yake. Tsutsar na shiga ta fata sa'ad da kake ban ruwa a hawasha, wato gonarka, ko wanka a tur'a, wato magudanar ban ruwa. Ta girma a jijiyoyin hanji, ta yi ƙwai, jini ya kwashi wasu zuwa hanta su maƙale. Sai sojojin jikinka, wato fararen ƙwayoyin jini, su yi wa kowane ƙwai zobe. Niyyarsu alheri ce, amma duk inda suka yi zoben sai tabo ya fito. Shekara goma, ashirin, tabon ya shaƙe hanyar jini, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su cika kamar za su fashe.

Saboda haka kada ka jira ciwo. Wannan ba irin tsargiyar fitsarin jini ba ce da yaro zai gani ya faɗa. Ita shiru take aikinta. Idan kana shiga ruwan Jazira, kai bayan gidanka awo, in ba a ga ƙwai ba ka sake kaiwa wata rana, don awo ɗaya yakan kuskure.

Maganin Praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyi, miligiram 40 ga kowane kilo. Hau sikeli, ban da kintace. Ka ci abinci tukuna, ko da kisra ce, wato gurasar dawa, da miya, in ba haka ba jiri zai kayar da kai. Ba ya hana sake kamuwa, don haka a koma awo bayan kaka.

Ruwan wanka kuwa, a ɗebo a bar shi a duro kwana biyu, 'ya'yan tsutsar sun mutu.

Wanda saifarsa ta riga ta kumbura, Baba, a yi hoton ciki, kuma ka rabu da asfirin da Diclofenac ɗin nan da kuke sha don ciwon baya. Ranar da ka ga kashinka baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ko tsakar dare ne a nemi mota.