Yadda na karɓo kuɗina daga asusun wanda ya riƙe min bashi

Dila biyu na shadda na ba wani abokin ciniki a Kantin Kwari, kuɗinsu naira miliyan 3 da dubu 200, a kan zai biya bayan Sallah. Ƙarama ta wuce, babba ta wuce. Na aika dattawan layinmu, ya rantse musu kasuwa ce ta karye, alhali ina ganinsa da sabuwar mota. Da a ce babu ce ta kama shi, wallahi zan ɗaga masa ƙafa, addini ma haka ya ce. Amma taurin bashi daga mai hali zalunci ne, shi ya sa na nufi kotu.

Kada ka ɓata lokacinka wajen 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana su kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma banki ba zai cire kuɗin wani ya miƙa maka don ɗan sanda ya ce ba. Hukuncin kotu kake buƙata, wanda ya faɗi adadin kuɗin ƙarara. Ni a kotun ƙananan basussuka na samu nawa, irin wadda aka buɗe a Kano a 2019. Littafin shago, rasit da saƙonninsa na WhatsApp inda yake cewa "Alhaji a ƙara min haƙuri" su suka tsaya min.

Ranar da aka yanke hukunci na ɗauka magana ta ƙare. Lauyana ya ce, "Alhaji, takarda ka samu, kuɗi yana gaba." A nan ya yi min bayanin abin da suke kira ganishi. Kuɗin da mutum ya ajiye a banki, a idon doka bashi ne yake bin bankin. To kotu sai ta ce wa bankin: abin da kake riƙe wa wane, biya wanda yake bin sa. Tanadin yana cikin dokar Sheriffs and Civil Process, daga sashe na 83.

Aikin da ya rataya a wuyanka, wanda lauya ba zai yi maka ba, shi ne gano inda mutumin yake ajiya. Na zauna da yarona muka bi tsoffin alat na shekara biyu, muka ga bankuna biyu da ya taɓa turo min kuɗi daga cikinsu. Na ukun a jikin katakon shagonsa yake, an liƙa lambar asusu don masu tiransifa. Ka duba na'urar POS ɗin da ke kan teburinsa ma, domin ciniki da yawa a kasuwa yanzu ta irin su Moniepoint da OPay yake bi. Wasu lauyoyin kan jera bankuna ashirin a takarda ko za a dace. Ban goyi bayan haka ba: kowane banki sai an biya kuɗin kai masa takarda, alƙalai kuma ba sa son wannan lalube cikin duhu.

Sannan ka kama bakinka. Wannan ne ya fi komai. Buƙatar farko ana shigar da ita ba tare da an sanar da wanda kake bi bashin ba, da takardar rantsuwa mai cewa an yi hukunci, ba a biya ba, ga adadin da ya rage, ga bankin da ke riƙe da kuɗinsa. Idan alƙali ya gamsu sai ya ba da odar farko, wadda suke kira oda nisi. Daga lokacin da aka miƙa wa banki ita, kuɗin ya ɗaure daidai adadin bashin. Amma in ka yi cika baki a majalisa cewa za ka rufe masa asusu, kafin magariba ya kwashe komai da wayarsa. Ni ko maƙwabcin shagona bai sani ba sai da mutumin ya je cirar kuɗi aka ce masa akwai odar kotu.

Dole a kai odar ga banki da shi wanda kake bi bashin aƙalla kwana 14 kafin zaman kotu. Ka bi ma'aikacin kotu da ƙafarka, ka tabbata shaidar karɓa ta shiga fayil, don rashin ta kan rushe aikin gaba ɗaya. Ranar zama bankuna za su zo da takardar rantsuwa da bayanin asusu. A nawa, ɗaya ya ce naira dubu 6 ce kacal a ciki, ɗaya ya ce shi ma yana bin mutumin bashi, don haka aka sallame su. Na ukun, na jikin katako, shi ya nuna miliyan 2 da dubu 700. Alƙali ya mayar da odar ta zama ta ƙarshe, ya umarci bankin ya biya.

Ka lura da sunan da ke kan hukuncinka. In kamfani mai rajistar limited ka yi ƙara, ba za ka taɓa asusun mai kamfanin na kansa ba, balle na matarsa ko ɗansa. In kuwa hukumar gwamnati ce ta ci maka, sashe na 84 yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, hanya ce mai tsawo. Kuma kada ka jefa hukunci a durowa. In ya haura shekara 6, sai ka nemi izinin kotu kafin ka zartar.

Kuɗin lauya ka yi maganarsa tun farko, a rubuce. Ni wata huɗu aka ɗauka daga odar farko zuwa ranar da alat ya shigo, ina tsaye ina auna wa wata mata yadi biyar. Ragowar dubu 500 shi da kansa ya zo shago da yayansa, muka rubuta zai riƙa kawo dubu 100 duk ƙarshen wata.