Yadda ake ƙalubalantar tarar fakin da aka ci ka kana sauke kaya

Wanda ya tsayar da mota don ya sauke kaya da wanda ya ajiye ta ya tafi harkarsa ba ɗaya ba ne a dokar hanya ta ƙasashe da yawa. Na farko aiki yake yi, na biyu fakin ya yi. Sai dai jami'in da ya zo ya tarar da motar ba kowa ba shi da hanyar bambance su. Kai kana can bene kuna fama da firji a kan matattakala, shi kuwa abin da ke gabansa mota ce a kulle a inda aka hana tsayawa. Sai ya rubuta takarda ya maƙala a gilashi. Saboda haka ƙorafinka aiki ɗaya zai yi: ya nuna wa hukuma abin da jami'inta bai gani ba.

Kowace ƙasa da tsarinta. Zan riƙa kawo misali da na Ingila domin matakansa a rubuce suke dalla-dalla, amma hujjojin da ake cin nasara da su kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Mataki na 1: Ɗauki hoto kafin ka motsa motar

Gani ya kori ji. Ɗauki motar daga nesa yadda za a ga titin da ƙofar da ka kai kayan, sannan but a buɗe da sauran kayan da ke ciki, sannan layin da ke ƙasa da kowane allo da ke kusa. Idan allon ya goge, ko reshen bishiya ya rufe shi, ko fentin layin ya koɗe, ɗauki wannan ma. Waya tana ajiye rana da lokacin kowane hoto, don haka kada ka gyara shi ko ka yanke gefensa.

In jami'in yana wurin, gaya masa cikin natsuwa cewa kaya kake saukewa, ka roƙe shi ya rubuta hakan a bayanansa. A Ingila ba shi da ikon soke takardar da ya riga ya fitar, don haka faɗa da shi ɓata lokaci ne, amma abin da ya rubuta zai shiga fayil ɗin da za a duba daga baya.

Mataki na 2: Karanta takardar tun daga sama har ƙasa

Abu uku kake nema: wa ya bayar da ita, wane laifi aka ce ka yi, kuma kwana nawa gare ka.

Wanda ya bayar yana da muhimmanci domin hanyar ƙorafi ta bambanta. Tarar ƙaramar hukuma a kan titin gwamnati doka ce ta kafa ta; a Ingila da Wales dokar kula da zirga-zirga ta 2004 ce. Takardar kamfanin da ke gadin filin fakin na wani kanti ko rukunin gidaje kuwa, ko da ta yi kama da ta hukuma, neman kuɗi ne a kan cewa ka karya sharaɗin da ke jikin allonsu.

Laifin kuma yakan zo da lamba. A takardun ƙananan hukumomin Ingila, lamba 01 na nufin ka yi fakin a titin da aka hana jira a wannan lokaci, kuma a nan sauke kaya hujja ce mai ƙarfi. Lamba 02 na nufin an hana har da lodi da saukewa a wurin. Lamba 25 kuwa cewa take ka tsaya a wurin da aka ware don lodi alhali ba lodin kake ba. Duba lambar motar, sunan titi, rana da lokaci. Kuskure a ɗayansu abu ne da za ka ambata.

Mataki na 3: Gaya wa kanka gaskiya, sauke kaya kake yi?

A nan ne yawancin ƙorafe-ƙorafe ke faɗuwa, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Da farko, an yarda a sauke kaya a wurin? A Ingila layi mai ruwan ɗorawa a gefen titi, ɗaya ne ko biyu, jira yake hanawa, ba saukewa ba. Abin da ke hana saukewa shi ne gajerun zane masu ruwan ɗorawa da ake yi a kan dakalin gefen titin kansa: biyu na nufin ba a lodi ko yaushe, ɗaya na nufin ba a yi a lokutan da allo ya nuna. Direbobi da yawa suna kallon layin ƙasa su manta da dakali. A manyan titunan Landan masu jan layi kuwa tsayawar ma aka hana, sai a guraben da aka zana don lodi. Idan wurin da ka tsaya na cikin waɗannan ne, cewa kaya kake saukewa ba zai fisshe ka ba, sai dai in alamar ba ta nan ko ba ta karantuwa.

Na biyu, kayan sun cancanci a kawo mota bakin ƙofa? Gado, injin wanki, katan-katan na littattafai, kayan gini, duk wannan ba a musu. Ledar da za ka iya riƙewa da hannu ɗaya daga wurin fakin na halal ba ta cika karɓuwa ba, sai fa ga wanda kai saƙo ne sana'arsa, domin shi ko ƙaramin ƙunshi ne aikin kai kaya yake yi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci a ganina, aikin bai yanke ba? Saukewa ba ta tsaya ga fito da kaya daga but ba. Ta haɗa da kai su ciki, hawa bene, jiran mai karɓa ya ƙirga ya sa hannu, da dawowa. Wannan shi ya sa rashin ganinka kusa da motar ba ya nufin ka yi laifi. Amma da zarar ka ajiye kaya ka zauna hira, ko ka fara haɗa gadon da ka kawo, ko ka shiga kanti kana zaɓen abin da za ka saya, saukewa ta ƙare, fakin ya fara. Idan allo ya ƙayyade lokaci, misali minti 20, ka kuma wuce shi, sai ka bayyana dalili.

Wanda ya san ya zauna shan shayi, shawarata ya biya da rangwamen da ake yi wa mai biya da wuri ya huta. Ƙarya a takardar ƙorafi ta fi tarar haɗari.

Mataki na 4: Haɗa hujjoji

Takardar shaidar kai kaya mai sa hannu da lokaci ita ce gaba da komai. Bayan ta sai rasit, saƙon waya tsakaninka da mai karɓa, yarjejeniyar haya idan ƙaura kake yi, da gajeriyar wasiƙa daga wanda ya karɓi kayan ko ya taya ka ɗauka, mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa. In ginin yana da kyamara, nemi hoton da wuri, domin ba a daɗe ana ajiye shi.

Nemi kuma hujjar ɓangaren hukuma: hotunan jami'in da lokacin da ya fara lura da motar. Ƙananan hukumomi da yawa suna sa hotunan a shafinsu na intanet. Idan tsakanin fara lura da fitar da takarda minti ɗaya ne ko biyu, to bai jira yadda zai ga ko ana saukewa ba, kuma wannan magana ce da za ka faɗa a fili.

Mataki na 5: Rubuta ƙorafi, kada ka biya tukuna

A wurare da yawa biya na nufin ka amsa laifi, an rufe magana. A Ingila ana rage rabin kuɗin ga wanda ya biya cikin kwana 14, kuma yawancin ƙananan hukumomi sukan sake ba da wannan rangwame idan ƙorafin farko ya iso cikin kwanakin nan aka ƙi shi. Don haka aika da wuri.

A rubuce za ka yi, ta shafinsu ko imel ko wasiƙa, ba ta waya ba. Ka taƙaita. Mai karantawa yana da tarin irinta a gabansa, lokuta yake nema, ba labarin wahalar da ka sha ba. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Ina ƙalubalantar takarda mai lamba kaza da aka ba mota mai lamba kaza ranar kaza. Laifin bai auku ba, domin kaya nake saukewa. Na tsaya ƙarfe kaza, na kai injin wanki hawa na biyu na gida mai lamba kaza, mai gidan ya duba ya sa hannu, na dawo ƙarfe kaza. Babu alamar hana lodi a wurin. Na haɗa da hotuna da takardar kai kaya. Ina neman a soke tarar."

Kada ka ba da haƙuri a kan abin da ba ka yi ba, kada kuma ka zagi jami'in. Aika kwafin takardu, ka riƙe na asali, ka ajiye shaidar ranar da ka aika.

Mataki na 6: Idan aka ƙi

Ƙin farko ba hukunci ba ne, kuma sau da yawa amsa ce da aka saba aika wa kowa. Karanta ka ga ko sun taɓa maganar saukewar. A nan za ka yanke shawara: biya da rangwame, ko ci gaba da sanin cewa in ka faɗi cikakken kuɗi za ka biya.

A Ingila, in ba a biya ba, ana aika wa mai motar takarda mai suna Notice to Owner, yana da kwana 28 ya shigar da ƙorafi a hukumance. Ƙaramar hukuma tana da kwana 56 ta amsa, in ta wuce haka an ɗauka ta amince. Idan ta sake ƙi, akwai wasu kwana 28 na ɗaukaka ƙara gaban alƙali mai zaman kansa: London Tribunals a Landan, Traffic Penalty Tribunal a sauran Ingila da Wales. Kyauta ne, ba sai da lauya ba, kuma ana iya yanke hukunci a kan takardu kawai ko a saurare ka ta waya ko bidiyo. Ina ganin a nemi sauraro ya fi, domin bayanin yadda aka hau bene da kaya ya fi fita daga bakin wanda ya ɗauka.

Takardar kamfani kuwa, kamfanin za ka fara rubuta wa, in ya ƙi sai ka je POPLA ko IAS, wato cibiyoyin da ke sauraron ɗaukaka ƙara a kan takardun kamfanonin fakin, gwargwadon ƙungiyar kamfanonin da yake ciki. Wasiƙar ƙin za ta nuna wacce. A nan sharaɗin da ke kan allo ne abin dubawa, don haka hoton allon ya fi komai amfani, haka ma yarjejeniyar haya idan a gidan kake zaune.

Duk takardar da ta zo, rubuta ranar ƙarshen wa'adinta a inda za ka gani. A tsarin ƙananan hukumomin Ingila, wanda ya bar wa'adi ya wuce bai biya ba bai ɗaukaka ƙara ba, ana ƙara masa rabin tarar a kai, kuma daga nan damar kawo hujjar saukewa ta kusa rufewa.