Darasi na 7: Rabi da 0.5 Abu Ɗaya Ne

Duk wanda ya iya cewa rabi, sulusi ko rubu'i ya riga ya san kaso. Abin da ya rage shi ne ya gane shi a rubuce, domin hanya biyu ake rubuta shi. Ta farko, lamba bisa lamba, kamar 1/2, wato ɗaya bisa biyu. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama kuma gida nawa aka ɗauka. Ta biyu ita ce lamba mai ɗigo, wadda ake kira desimal, kamar 0.5. Irinta kalkuleta da sikeli suke nunawa.

Ku nemi tef na awo, da igiya mai tsawon mita 1, da biro. Ku miƙe igiyar, ku sa alama a kowane santimita 10. Gida goma ke nan, kowanne 1/10 na mita, a desimal 0.1. Ku ninka igiyar biyu: lanƙwasar za ta faɗa kan alama ta biyar. Ashe 1/2 da 5/10 da 0.5 wuri ɗaya suke nunawa. Ku sake ninkawa. Yanzu lanƙwasar ta faɗa tsakanin alama ta biyu da ta uku, a kan santimita 25. Tunda santimita 100 ne mita, wannan 25/100 ne, wato 0.25, rubu'i.

Desimal ma kaso ne, lambar ƙasansa ce kawai ba a rubutawa. Lambobin bayan ɗigo su ke faɗinta: in ɗaya ce, bisa 10, in biyu, bisa 100, in uku, bisa 1000. Don haka 0.7 shi ne 7/10, amma 0.07 shi ne 7/100. Wanda ya manta sifilin nan ya riɓanya abu sau goma. Bayan an rubuta, sai a rage. 0.75 shi ne 75/100. A raba sama da ƙasa da 25, a sami 3/4.

Daga kaso zuwa desimal kuwa, rabawa ake yi: ta sama a raba da ta ƙasa. Mu ɗauki 3/8. Takwas ba ta shiga 3, sai a rubuta 0 da ɗigo, a ƙara wa 3 sifili ta zama 30. Takwas cikin 30 sau 3, saura 6. A ƙara sifili, 60: sau 7, saura 4. A ƙara sifili, 40: sau 5, babu saura. Amsa 0.375.

Sulusi ba ya ƙarewa haka. Uku cikin 10 sau 3, saura 1, kuma 1 ɗin nan haka zai yi ta dawowa: 0.333… Ba kuskure kuka yi ba. Rabon yana ƙarewa ne kawai idan lambar ƙasa, bayan an rage, daga riɓanya 2 ko 5 ko duka biyun kaɗai aka gina ta, kamar 4, 8, 20 da 25. Ku sani 0.33 kusa da sulusi ne, bai cika ba: sau uku 0.99 yake bayarwa. Inda ake son daidai, gara a bar shi 1/3.

Kuskuren da ya fi yawa daga baki yake farawa. Wanda ya karanta 0.25 da "ɗigo ashirin da biyar" zai ɗauka ya fi 0.5 girma. A karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya: sifili ɗigo biyu biyar. In za a gwada su, a cike da sifili su yi tsawo ɗaya, 0.50 da 0.25. Sifili a ƙarshen desimal ba ya canza komai. Wasu kuma sukan ɗauko lambar ƙasa su ajiye bayan ɗigo, su ce 1/5 shi ne 0.5. A'a, 0.2 ne. Malam ya mayar da su kan igiya su ga santimita 20 da idonsu.

A kula da agogo, domin minti 60 ne awa, ba 100 ba. Awa 1.5 awa ɗaya da minti 30 ne, ba minti 50 ba. A wasu ƙasashe kuma, kamar Faransa, waƙafi ake sawa a madadin ɗigo: 0,5.

Aiki: ku mayar da 3/5, 7/20 da 5/8 zuwa desimal, sannan 0.4, 0.08 da 1.25 zuwa kaso. Ku jera 0.3, 1/4 da 0.09 daga ƙarami zuwa babba. Awa 2.25, awa nawa ne da minti nawa?